Layar Hajo a Aljihuna

Masu karatu, ina gaishe ku da hannu biyu, ko da yake yatsa ɗaya ne kawai ya iya danna wannan waya. Ni ne dai Shitu mai gyaran rediyo na garin Ƙarfi, wanda bokonsa ya tsaya a aji huɗu. Tun da na fara ba ku labarin Hajo saƙonninku suka hana ni gyangyaɗin azahar. Wata baiwar Allah ta rubuto: "Baba, ashe ku ma a zamaninku kuna kishi?" Wata ta ce, "Baba don Allah a rage zancen kwalabe, a shiga soyayya." 'Yata, ki yi haƙuri, tawa soyayyar da kwalba ta fara. Kishi kuwa, zauna ki ji. Yau zan faɗi abin da har yanzu in na tuna sai kunnuwana su ɗauki zafi.

Ga wanda yau ya fara biyo mu: shekarar 1978 ce, ina da ashirin da uku. Ɗakina cike yake da tarkacen da Inna take kira shara: kwalabe masu launi, dutsen da ya yi kama da kan tunkiya, ƙahon rago mai murɗa uku. Wata rana ina wucewa ta bayan gidan Malam Jibo da safe na ga kwalba a kan katanga, da ruwa a ciki fari-fari. Da na dawo bayan azahar kwalbar tana nan ba wanda ya taɓa ta, amma ruwan ya koma ja wur kamar zoɓo. Kwana uku ina zaryar wannan katanga. A na huɗu aka leƙo daga ciki, fuska doguwa da kallabi ruwan ganye, aka ce, "Mai rediyo, in sayen kwalbar za ka yi, bari a wanke maka."

Hajo ke nan, 'yar autar Malam Jibo. Sai da muka saba sannan ta gaya mini, ta rufe fuska da gyale tana dariya, cewa fitsarinta ne. In ciwonta zai tashi, haka yake juyewa in rana ta buge shi. Da wani namiji ne ya ji haka, sai ya ɗauki kekensa. Ni a raina na ce, yarinyar da rana take yi wa rini, ina zan sake samun irinta?

Ciwon ba abin dariya ba ne. Ciki zai murɗe ta kamar ana matsar tsumma, ga amai, ga ganin abin da babu, wani lokaci hannuwa su mutu kwana da kwanaki. Shekararta sha takwas, sa'o'inta duk sun yi ɗaki, wasu da goyo, ita tana gida. Samari sukan zo sau biyu, a tsegunta musu, su ɓace.

Inna ma ta samu nata tsegumin. Tana tankaɗen gari na shigo, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Na ji ka mai da gidan Jibo masallaci, kullum sau biyar."

"Gaisuwa ce, Inna."

"Gaisuwa da turare? Shitu, zauna. Uwar yarinyar nan, Mairo, tare muka yi tallan fura. Ta sha irin wannan murɗar ciki tun tana budurwa, ta tashi. Ba shi ya ɗauke ta ba. Tana haura hamsin gefenta na dama ya kumbura, ido ya yi ruwan ɗorawa, wata huɗu aka binne ta. Yayanta na Kafur haka ya tafi. Uwarsu haka. Ni ba ƙin yarinyar nake ba, hankali gare ta. Amma ba na so in ga ranar da za ka zauna kai kaɗai da furfura kana hira da kwalabe."

Na ce rai na Allah ne. Ta ce ita ma ta sani, kuma Allah ne ya ba mutum ido.

Maganar Inna ba ta hana ni barci ba ko sau ɗaya. Wanda ya hana ni shi ne Luka.

Luka ɗan wancan yayan Mairo ne na Kafur. Gidan kakanninsu ya rabu biyu tun zuwan 'yan mishan, wasu suka shiga coci, wasu masallaci, zumunci bai yanke ba. Malamin asibiti ne a wani ɗan ƙaramin asibitin mishan, shi ya kai Hajo Zariya har wani babban likita ya gano sunan ciwon. Fofiriya, in ji su. Na daɗe ina juya sunan a baki, ya yi mini kama da sunan matar Bature.

Kowace Asabar Luka zai iso kan jan babur, farar riga mai gajeren hannu an goge ta da ƙarfe, biro uku a aljihu, agogo mai sarƙa. Ni kuwa wandona mai buɗaɗɗen ƙafa kullum da baƙin man keke a gefe. Shi ba ya tsayawa a zaure kamar ni, kai tsaye yake shigewa ciki, tun daga ƙofa yana kira: "Ina matata? A fito a karɓi mai gida."

Ita kuma ta amsa, "Wane mai gida, bawana dai. Ina sukarina?"

Na san wasan taubasai ne, ɗan namiji da 'yar mace, kowa yana yi. Na san Kirista ne. Na san yana da matarsa Dokas da jaririya. Duk na sani, masu karatu, amma sanin yana kai, abin da ke cina yana ƙirji, kuma ba sa gaisawa. Zai miƙa mata kwalin sukari da dunƙulen mazarƙwaila, ya ce ta riƙa sha in ta ji alamar ciwon, kada ta yarda ta zauna da yunwa. Ni da idona toshi nake gani. Zai ɗauki kwalbar nan tawa, i, tawa nake kiranta, ya ɗaga ta a rana ya ƙanƙance ido. Zai riƙe mata tsintsiyar hannu yana kallon agogo. Ni ko gefen gyalenta ban taɓa taɓawa ba.

Sannan ga layar.

Likitan Zariya ya ba Luka bayani, Luka ya rubuta shi da hannunsa a kan wata 'yar takarda mai kauri, aka buga hatimi. Ya ce duk asibitin da aka kai Hajo a nuna kafin a ba ta ko ƙwaya ɗaya. Gwaggo Atu, ƙanwar Malam Jibo da ta riƙe Hajo bayan rasuwar uwarta, ta karɓa da hannu biyu, ta naɗe, washegari ta kai wa baduku ya ɗinke ta cikin jar fata, kaf, ko allura ba ta shiga.

Ina zaure ranar da Luka ya gani. Na ji yana cewa, "Gwaggo, takardar nunawa ce, ba ta ratayawa ba."

"Kai yaro ne. Rubutu in an bar shi a buɗe ƙarfinsa hucewa yake kamar turare."

"To in an je asibiti fa?"

"Sai a yanka. Mi aka yi wuƙa don shi?"

Haka Hajo ta riƙa yawo da rubutun Luka a wuya, yana kwance inda ni ko idona ba ya kaiwa. In tana magana ta kan kama layar tana murzawa ba ta sani ba. Kowace murza a cikina nake jin ta. Na fara raya wa kaina cewa ba sunayen magani ne a ciki ba. Wa ya gani? Gwaggo ba ta karatu, Malam Jibo ajami ya sani. Mutum zai iya rubuta komai ya ce likita ne.

Bayan ƙaramar salla da kwana biyu na je zance da la'asar. Ta fito cikin atamfa mai zanen agogo, lallenta bai gama gogewa ba, ta shimfiɗa mini tabarma ta zauna nesa. Duk watan azumi ba ta yi ko ɗaya ba. Luka ya hana, limaminmu ma ya ce mara lafiya yana da uzuri. Amma shaiɗan ya ari bakina.

"Barka da shan ruwa," na ce, "ko da yake ke kullum cikin shan sa kike."

"Mai rediyo, yau da faɗa ka zo?"

"A'a. Mamaki nake. Ashe yanzu daga coci ake yanke wa Musulmi ranar azumi."

Hannunta ya tafi wuya, ta ja layar da ɗan ƙarfi, igiyar da ma ta tsufa, ta tsinke. Layar ta faɗo kan tabarma, kusa da gwiwata.

Na ce, "Kawo in sa miki sabuwar igiya, ina da mai ƙarfi a shago. Gobe da safe zan kawo."

Ta ba ni. Ba ta ko yi tunani ba, wannan ya fi komai ci mini rai yanzu.

A shago na sa reza na farke ɗinkin a hankali. Na zaro takardar. Na yanki kwalin batir daidai girmanta na cusa, na mai da ɗinki da zaren da nake ɗinke sirdin keke. Aikina ya yi kyau, ban taɓa yin mai kyansa ba. Da safe na mai da mata, ta rataya, ta ce na gode.

Takardar kuwa Turanci ce gaba da baya, irin rubutun nan mai haɗe-haɗe. Da bokona na aji huɗu abu biyu na iya cirowa: sunanta a sama, sunansa a ƙasa, Luka Abraham, da hatimi a tsakani. Wallahi a idona katin ɗaurin aure na gani. Kunya ta hana ni kai wa malamin makaranta ya karanta mini. Na sa ta a aljihun gaba, in aiki ya yi sauƙi in fito da ita in yi ta harara.

Kwana biyar bayan haka Hajo ta bi Gwaggo biki Dandume. Abin da ban sani ba, tun ranar da na yi mata gorin nan ta ɗauki ramuwar azumi a ɓoye. A Dandume cikin ya murɗa. Aka kira wani mai allura na kasuwa, ya ga tana ta fizge-fizge ya ba ta ƙwayar barci. Maimakon ta lafa sai ta fara kiran uwarta da ta rasu. Wani direban motar hatsi ne ya tsaya ƙofar shagona da hantsi ya ce an wuce da 'yar Malam Jibo wani asibiti a Funtuwa. Ko ƙofa ban ja ba.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba, ba su da laifi. Na iske Malam Jibo da Gwaggo a baranda. Ta taga na hango Hajo, kallabi ya zame, leɓɓa sun bushe, hannuwa a yashe kamar ba nata ba. Wata nas ta fito ta ce likita yana zaton hanji ne ya ruɓe, za a sa ta barci a buɗe cikin yanzu, uba ya zo ya dangwala yatsa.

Malam Jibo ya miƙe, sai ya tsaya. "Akwai takarda. Luka ya ce kafin komai a nuna takarda."

Gwaggo ta shiga ta ciro layar. Malam Jibo ya zaro 'yar wuƙarsa ta yankan farce ya tsarge fatar a gaban nas. Abin da ya faɗo hannunsa kwali ne, da rabin kan damisa a jiki.

Nas ta juya shi ta ce, "Baba, wannan ai kwalin batir ne."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ɗan mishan ɗin nan. Ashe abin da ya ba mu ke nan, ni kuma ban duba ba na kai aka ɗinke. Jininsa guda, Yaya, ɗiyar gwaggonsa. Mi muka yi masa?"

Malam Jibo mutum ne mai sanyi, amma ranar bai sassauta ba. Ya ce, "Ƙafarsa ba za ta sake taka gidana ba."

Masu karatu, ga wurin da nake so ku yi mini shaida. Abin da na yi wata takwas ina roƙo shi ne aka miƙo mini a faranti. Babu jan babur, babu "ina matata". In na yi shiru Luka ya fita har abada, kuma babu mai sani. In na yi magana ni ne zan fita. Na so in ce muku nan take na zaro takardar. Ƙarya ne. Akwai wata mata a ƙarshen baranda tana ɓare dafaffiyar gyaɗa, na tsaya ina kallonta ina ƙirgawa. Sai da ta ɓare goma sha ɗaya. Har na ce wa kaina ai likita ya fi Luka sani, a buɗe cikin mana, ƙila ma ta warke gaba ɗaya.

Sai aka turo gadon nan mai taya. Ƙafarsa ɗaya tana kuka. Aka wuce da ita ta gabana, idonta a buɗe amma ba ni take gani ba, kuma hannunta na dama, wanda ya mutu, yana ta ƙoƙarin hawa wuya yana zamewa. Layar take nema.

"Ga ta nan," na ce. Ba wanda ya ji, sai da na sake. "Malam, ga takardar. Ni na cire."

Nas ta fizge ta ruga. Likitan, wani ɗan Indiya mai gilashi, ya fito yana karantawa yana tafiya, ya ɗaga hannu aka tsai da gadon. Nas ta ce mana maganin da za a sa ta barci da shi shi ne na farko a jerin waɗanda aka hana. Ba a buɗe ciki ba. Aka ɗaura mata ƙarin ruwa mai sukari.

Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa. "Kwana shida ɗiyata tana yawo da kan damisa a wuya."

Malam Jibo bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Shitu, matsa daga inda zan gan ka." Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Kwana goma sha biyu tana kwance. Ni ina gindin wata bishiyar bedi a wajen asibiti, in zo da motar safe in koma da ta yamma, ba mai yi mini magana. Luka yana shiga yana fita, in ya wuce ya ɗaga mini hannu kamar ba abin da ya faru, wannan ma ya ƙara ƙona ni. Ranar sha uku Gwaggo ta fito ta tsaya nesa ta ce, "Mai damisa, ana kira."

Hajo ta rame, cokali ma Gwaggo ke riƙe mata. Takardar tana kan filo.

"Me ka samu a ciki?" ta ce.

"Ban iya karantawa ba."

"Ka sace abin da ba ka iya karantawa." Ta so ta yi dariya, cikin ya hana. "Ɗauka. Ka je wurin Luka ya koya maka. Ranar da ka iya karanta mini ita gaba da baya, ka zo zaure. In ba ka iya ba, kada ka zo."

"Wurin Luka?"

"Ko ka san wani?"

Asabar bakwai na yi ina tuƙa keke zuwa Kafur. Dokas ta kan kawo mana kunu a ƙarƙashin mangwaro tana kirana ɗalibi. Luka ya koya mini gaban takardar: sunayen magungunan da ke tada ciwon, kada a bar ta da yunwa, a ba ta sukari. A Asabar ta biyar ya juya takardar.

"Wannan gefen ban taɓa karanta mata ba. Likitan ya tambaye ni yadda mutanen gidanmu suke mutuwa, na lissafa masa. Babana hamsin da huɗu. Gwaggo Mairo hamsin da biyu. Kakarmu ba mu san shekarunta ba, amma ba ta yi furfura sosai ba. Duk hanta. Ya ce yana zargin ciwon daji ne, kuma yana zargin fofiriyar ce take share masa hanya a hankali, ko da murɗar cikin ta daina. Ya ce a riƙa duba hantarta, musamman in ta doshi hamsin, da ƙoda, da hawan jini. Ba kowa yake samu ba. Akwai ƙanwar kakarmu da ta kai tamanin."

"Kai fa?"

Ya gyara biro a aljihu. "Ni ma jinin ne. Ban sani ba."

A lokacin zargi ne kawai. Yanzu likitoci sun ce haka abin yake, masu irin wannan ciwo sun fi sauran mutane haɗarin dajin hanta, kuma daga hamsin a riƙa yi musu hoton ciki a kai a kai. In akwai mai shi a gidanku, ku kai shi, kada ku ɗinke takardar.

Amma kun san abin da na ji a ƙarƙashin mangwaron nan, bayan tsoro? Haushi. Mutumin nan ya san ƙarshen Hajo tun ni ban san farkonta ba.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci na jingine keke a ƙofar Malam Jibo. Ya gan ni, ya kau da kai, amma bai kore ni ba. Hajo ta fito tana dafa bango, ta zauna. Na gyara murya zan fara.

"Fara da bayan," ta ce.

Na ɗago.

"Ni na yi jinyar Innata, mai rediyo, ba yarinya ba ce ni. Na san abin da Luka yake tsallakewa. So nake in ji ko za ka kai ƙarshe."

Na karanta, ina fassarawa layi-layi. Da na zo kan hamsin ɗin nan harshena ya yi nauyi, na haɗiye na wuce.

"Muryarka ta yi rawa," ta ce.

"Ta yi."

"Yanzu ka san abin da Innarka ta sani. Ƙofa a buɗe take, ba zan riƙe ka da komai ba."

Na ce, "Ranar Lahadi kawuna zai zo wurin Malam."

Ta sunkuyar da kai tana murza gefen tabarma. Don in nuna bajinta na ce zan kwafe takardar sabuwa da hannuna, tunda wannan ta sha naɗi.

"A'a," in ji ta, "bar ta haka. Rubutun Luka ya fi naka kyau."

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, wallahi maganar nan ba ta daina cina ba. Takardar tana nan kan gwiwata yanzu da nake danna muku wannan, ta yi laushi kamar tsumma, hatimin ya kusa gogewa, rubutun dai har yau ya fi nawa kyau. Kada wanda ya turo yana tambayar me ya sa a wurina take. Yau ba zan iya ba.